Ruwan naitirojin a matsayin man mota

Ruwan naitirojin, wanda ɗaliban Nijar suka fi sani da azot, iska ce da aka sanyaya har ta koma ruwa. Naitirojin shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar da ake shaƙa. Ba shi da launi, ba shi da wari, kuma ba ya cin wuta. Yana zama ruwa idan sanyi ya kai digiri 196 ƙasa da sifiri a ma'aunin salshiyos. Tun ƙarshen ƙarni na 19 ake ƙera motocin da ke tafiya da shi ko kuma da ruwan iska, wato iskar da ake shaƙa gaba ɗayanta da aka mayar ruwa, amma babu wadda ta wuce gwaji ta samu kasuwa. Ba a haƙo shi daga ƙasa kamar ɗanyen mai. Sai an kashe wutar lantarki kafin a same shi, don haka masana ke sa shi sahu ɗaya da batir, cikin hanyoyin ajiye makamashi.

Yadda injin yake aiki

Ana zuba ruwan a tanki mai bango biyu da aka zuƙe iskar da ke tsakaninsu, irin ƙirar filas ɗin shayi. Famfo ya tura shi cikin bututai masu fikafikai da ke shan zafin iskar waje. Da ya ji ɗumi sai ya tafasa, lita ɗaya ta zama kusan lita 700 ta iska, kuma wannan kumburi ne ke tura fistin ya juya tayoyi. Babu abin da ke ƙonewa. Abin da ke fita ta salansa naitirojin ne mai sanyi, ya koma inda aka ɗauko shi.

Babbar matsalar ƙirar ita ce ƙanƙara. Raɓar da ke cikin iska tana daskarewa a jikin bututan, ta lulluɓe su, zafi ya daina shiga, injin ya rasa ƙarfi.

Tarihi

Masana biyu ƴan Poland, Zygmunt Wróblewski da Karol Olszewski, su ne suka fara mayar da naitirojin ruwa a jami'ar birnin Krakow cikin Afrilun 1883. Abin da suka samu kaɗan ne, kuma ba ya jimawa. A 1892 James Dewar ya fito da kwalbar nan mai bango biyu a Landan, aka samu abin ajiya. A 1895 kuma Carl von Linde a Jamus da William Hampson a Ingila, kowa da aikinsa, suka yi rajistar na'urorin da ke samar da ruwan iska da yawa. Daga nan ƴan kasuwa suka shigo.

Wanda ya fi yin suna a cikinsu shi ne Charles Tripler na birnin New York. Yana tara jama'a yana daskarar da abubuwa a gabansu, yana tayar da inji da ruwan iska, jaridu suna ta yayatawa. Wajen 1899 ya yi iƙirarin cewa da galan uku na ruwan iska zai iya tayar da na'urar da za ta samar masa galan goma. Da hakan gaskiya ne, da duniya ta samu makamashi kyauta har abada, abin da ƙa'idojin kimiyyar zafi suka nuna ba zai yiwu ba. Masana sun faɗi haka tun a lokacin, amma mutane suka ci gaba da sayen hannun jarin kamfaninsa. Kamfanin ya durƙushe a farkon shekarun 1900, kuɗin masu jari suka bi ruwa, kuma wannan abin kunya ya shafa wa fannin kashin kaji na tsawon shekaru.

A wannan zamanin ne wani kamfani mai suna Liquid Air Power and Automobile, da aka kafa a Boston wajen 1899, ya fito da mota. Hans Knudsen ya nuna ta a Landan, a 1902 bisa yawancin ruwayoyi. An ce tana gudun kusan kilomita 19 a awa, kuma tana cin kilomita 60 da ɗoriya da lita 68. Wasu marubuta na ganin motar tururi ce kawai aka sauya wa tanki.

Maganar ta kwanta har shekarun 1990. A 1990 jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa dokar da ta tilasta wa manyan kamfanoni su riƙa sayar da wani kaso na motoci marasa hayaƙi, alhali baturan lokacin na dalma ne, ga nauyi ga gajeriyar tafiya. A Jami'ar Washington da ke Seattle, Abraham Hertzberg da Carl Knowlen suka ɗauki wata tsohuwar motar raba wasiƙu suka sa mata inji mai ƙarfin doki 15, suka kira ta LN2000. Gudunta bai wuce kilomita 35 a awa ba, tankin kuma yana ƙarewa bayan ƴan kilomitoci. Abin da suka fi ba da ƙarfi a kai shi ne ƙera bututan da ƙanƙara ba ta kama su. A Jami'ar Arewacin Texas ma Carlos Ordonez da Mitty Plummer sun haɗa tasu, CooLN2Car, a kan gangar jikin tsohuwar Volkswagen, wajen 1997.

Dabarar da ta fi burge injiniyoyi ta fito ne daga wani mai ƙere-ƙere a gida, Peter Dearman, mazaunin garin Bishop's Stortford a Ingila. Maimakon ya tafasa ruwan a bututan waje, sai ya fesa shi kai tsaye cikin silinda tare da ruwan ɗumi mai haɗe da maganin daskarewa. Tafasar tana faruwa a cikin injin nan take, matsalar ƙanƙara ta ragu. Ya gwada a wata tsohuwar Vauxhall Nova. Kamfanin da ya ɗauki sunansa, wanda aka kafa wajen 2011, bai nufi ƙananan motoci ba. Ya nufi manyan motocin dakon abinci, inda ruwan ke yin aiki biyu: ya sanyaya kaya, sannan ya juya ƙaramin injin firjin da a da yake shan gazuwal. Kantunan Sainsbury's sun gwada irin wannan mota a Landan a 2016. Bayan ƴan shekaru kamfanin ya shiga matsalar kuɗi, wasu suka saye fasahar.

Ƙarfi da tsada

Nan ne lissafin ke rushewa. Iyakar aikin da za a iya samu daga kilo ɗaya na ruwan naitirojin, a takarda, bai wuce wat-awa 213 ba (wat-awa ma'aunin makamashi ne), kuma injin gaske yana samun ƙasa da haka sosai. Lita ɗaya ta esansi tana ɗauke da wat-awa kusan 9,000, injin mota yana cin moriyar wajen rubu'insu. Wato tafiyar da lita ɗaya ta esansi za ta yi, sai an zuba fiye da lita goma na naitirojin. Haɗa kilo ɗaya kuma yana cin kusan rabin kilowat-awa na lantarki, abin da ake zubawa ya fi abin da ke dawowa. Batirin litiyom yana mayar da mafi yawan wutar da aka sa masa, shi ya sa ya ci kasuwa. Ƙari a kan haka, motar da aka ajiye tana ta rasa ruwan a hankali, domin babu tankin da zafi ba ya ratsa shi.

Masu goyon baya suna kafa hujja da saurin cika tanki, da arhar ƙarafan injin, da rashin buƙatar ma'adinan batir.

Haɗari

Ruwan naitirojin ba ya fashewa da wuta, amma yana ƙona fata da sanyi. Idan ya zube a rufaffen gareji yana korar iskar numfashi ba tare da wari ba, mutum ya suma bai ankara ba. Tankin da aka toshe masa mafita yana iya tarwatsewa.

A Damagaram

Idan aka ɗauki garin Damagaram na Nijar a matsayin misali, yanayinsa ya dace da injin fiye da na Ingila. Zafin bazara da ke haura digiri 40 yana hanzarta tafasa, busasshiyar iskar hunturu kuma ba ta da raɓar da za ta daskare. Sai dai zafin nan shi ne ke cinye abin da ke cikin tanki. Abin da ya fi nauyi shi ne wuta. Masana'antar tace iska da ke samar da ruwan naitirojin tana so ta yi aiki dare da rana ba yankewa, yankin kuwa ya daɗe yana dogara da layin da ke shigowa daga Najeriya ta Katsina, wanda aka yanke a Agustan 2023 lokacin takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar. A gefe guda, matatar SORAZ da ke arewa da gari, kan hanyar Tanut, tana tace ɗanyen man Agadem tun Nuwamban 2011, da ƙarfin ganga 20,000 a rana. Ɗan kabu-kabu ko mai adaidaita da ke da esansi a bakin hanya ba shi da dalilin ɗaukar tankin da ya ninka nasa sau goma.

Inda fasahar za ta iya samun gurbi shi ne dakon nama, nono da allurar rigakafi a doguwar hanya irin ta Agadas ko Difa, wato aikin sanyi, ba aikin jan mota ba. A ƙasashen Sahel an fi sanin ruwan naitirojin wajen likitocin dabbobi, masu ajiye maniyyin bijimai a cikinsa don barbarar shanu.

Halin da ake ciki

Bincike ya fi karkata yanzu ga ajiye wutar lantarki a manyan tankunan ruwan iska da ke kafe wuri ɗaya. Kamfanin Highview Power ya buɗe irin wannan tasha mai megawat 5 a Pilsworth, kusa da Manchester, a 2018.