Allon sa ido kan sabar

Allon sa ido kan sabar shafi ne na intanet da ke nuna halin da sabar (kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima) take ciki da zane da alƙaluma: nauyin da ke kan furosesa, abin da ya rage na RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi), cikar faifai, da yawan bayanan da ke shiga da fita. Abu uku ne ke haɗa shi: mai ɗaukar awo, ma'ajiyar awon, sai allon kansa. A sabar Linux an fi haɗa node_exporter (mai ɗaukar awo) da Prometheus (ma'ajiya) da Grafana (allo). An fara Prometheus a kamfanin SoundCloud a 2012, Grafana kuma Torkel Ödegaard ne ya fitar da ita a 2014.

Yadda ake haɗawa

Ana girka node_exporter a kowace sabar. Shi ne ke karanta alƙaluman da Linux ke ajiyewa a kundin fayiloli na /proc da /sys, ya baje su a ƙofa (port, mashigar sadarwa) mai lamba 9100. Prometheus, da ke ƙofa ta 9090, yana zuwa ya kwasa lokaci-lokaci. Idan ba a saita ba, duk minti 1 yake zuwa, amma galibi ana mayar da shi daƙiƙa 15. Yana riƙe awon kwana 15 sai in an ƙara masa. Grafana tana ƙofa ta 3000, ita ke tambayar Prometheus ta zana amsar. Wurin ajiya ba shi da yawa: awo iri 1,000 duk daƙiƙa 15 ya kama miliyan 5.76 a rana, kowanne a matsakaici bai wuce bayit 2 ba, wato ƙasa da megabayit 12.

Ƙofa ta 9100 ba ta tambayar kalmar sirri sai an sa mata, don haka a toshe ta ga kowa in ban da Prometheus.

Inda ake kuskure

Yawancin kuskuren a karatun alƙaluma yake. Linux tana aron RAM ɗin da ba a amfani da shi ta ajiye fayiloli, ta sake shi da zarar an buƙata. Shi ya sa awon MemFree (RAM ɗin da babu komai a cikinsa) kan nuna kamar ya ƙare alhali lafiya lau. MemAvailable, wato RAM ɗin da za a iya samu in an buƙata, shi ne abin dubawa. Haka ma matsakaicin nauyi (yawan ayyukan da ke gudana ko jiran furosesa) na minti 1 da 5 da 15: lamba 4 a sabar mai furosesa 4 cika ce, a mai 16 kuwa ko gezau. Kuma lambar tana haɗawa da ayyukan da ke jiran faifai, ta yiwu ta hau alhali furosesa na zaune.

Wasu awon ƙidaya ce mai hawa kawai, kamar jimlar bayit da suka wuce, tana komawa sifili idan an sake kunna sabar. Ana bi da ita ta rate(), umarnin Prometheus da ke lissafa saurin hawanta, da tazarar da ta kai ninki 4 na lokacin kwasa, in ba haka ba zanen ya riƙa yankewa. Faifai kuma yana iya ƙin karɓar fayil da sauran fili a cikinsa, idan inode (guraben rajistar fayiloli) sun ƙare.

Ba a ɗora Prometheus a kan sabar da yake gadi, domin in ta faɗi tare za su tafi. Gargaɗi ma a sa masa jinkiri, kamar minti 5 matsalar na nan kafin ya aika saƙo. Gargaɗin da ke aika saƙo a kan kowane ɗan motsi, cikin mako guda ma'aikata sun daina kula shi.