Fetur Ba Duka Ɗaya Ba Ne

A garejojin Suame Magazine da ke Kumasi, har gobe ana cewa in dai oktan (ma'aunin yadda fetur ke jure matsi a cikin inji) ya kai, kowane fetur zai yi wa tsohuwar Benz ko ƙaramin jirgin sama. Ba haka ba ne. Fetur ɗin E10 yana ɗauke da etanol, wani nau'in alkohol, kashi 10 cikin 100. Etanol yana jawo danshi, in motar ta jima a ajiye sai ruwan ya kwanta a gindin tanki ya kawo tsatsa. Yana kuma cinye tsofaffin robobin tiyo da na kafireta. A jirgi abin ya fi muni, tururin fetur na iya toshe bututun mai a sama. Avgas 100LL, fetur ɗin ƙananan jiragen sama, ba shi da etanol.

Gwajin gano etanol a fetur kuwa: zuba ruwa mililita 10 a kwalba, yi alama, ƙara fetur mililita 90, girgiza, jira minti 10. Ruwan ya haura alamar? Akwai etanol.