Kulle maɓallin gaba a darussan intanet

Kulle maɓallin gaba dabara ce da masu shirya darussan kwamfuta da waya ke amfani da ita don hana ɗalibi wucewa shafi na gaba har sai muryar da ke bayani ta kai ƙarshe. Maɓallin, wanda ake rubuta wa "Suivant" a darussan Faransanci da aka saba gani a Garwa da Marwa da Njamena, yakan dushe ko ya ɓuya muddin murya na magana, tana yin shiru sai ya farfaɗo. An fi yin haka a horon dole, irin wanda bankuna da kamfanonin waya da ƙungiyoyin agaji ke ɗora wa ma'aikatansu, inda ake son shaidar cewa mutum ya zauna a kan kowane shafi kafin a ba shi takardar kammalawa.

Matakan kulle

Articulate Storyline, wadda ta fito a 2012, na cikin manhajojin da aka fi yin wannan aiki da su, kuma tana da matakai uku. A na farko ɗalibi na yawo yadda ya ga dama. A na biyu yana iya komawa duk shafin da ya riga ya gani, amma ba ya tsallake wanda bai gani ba. A na uku ba ya bin komai sai jerin da aka tsara masa. Na biyun ne ya fi dacewa da yawancin darussa, domin wanda bai gane wata magana ba yana da damar komawa ya sake ji. Bidiyon H5P, wata manhajar haɗa darussa, shi ma yana da zaɓin hana ja gaba, ita kuwa Moodle, dandalin da ake ɗora darussa a kai, tana iya kulle darasi sukutum har sai an gama wanda ke gabansa.

Yadda ake ɗaura shi

Kowane shafi yana da layin lokaci, wato tsawon daƙiƙun da aka ware masa, kuma a kansa ake shimfiɗa murya da hotuna da rubutu. Mai shiri yana rubuta umarni biyu: shafi na buɗewa a kashe maɓallin gaba, sannan a raya shi idan wani abu ya faru. Wannan "wani abu" shi ne gindin maganar, domin ana iya ɗaura shi a ƙarshen layin lokaci, ana kuma iya ɗaura shi a ƙarshen muryar kanta, kuma ba ɗaya ba ne.

Idan aka sa murya mai daƙiƙa 50, manhajar na miƙe layin lokaci ya kai tsawonta. Amma idan daga baya aka musanya ta da wata mai daƙiƙa 38, layin ba ya janyewa da kansa, sai ɗalibi ya zauna daƙiƙa 12 cikin shiru yana danna maɓallin da ba ya amsawa, har ya ɗauka wayarsa ce ta tsaya. Wannan matsala tana yawan tasowa a arewacin Kamaru da Cadi, inda darasi guda kan fito da Faransanci sannan a sake naɗarsa da Hausa ko Fulatanci ko Larabcin Cadi. Jimla guda ba ta ɗaukar lokaci ɗaya a bakin masu karatu biyu, balle a harsuna biyu. Saboda haka ɗaura kullen a ƙarshen murya ya fi aminci: ko wace murya aka sa, maɓallin zai jira ta.

Akwai umarni na uku da sababbin hannu ke mantawa. Kowane shafi yana buƙatar alamar "an ji" da ke farawa a matsayin a'a, ta koma eh idan murya ta ƙare, sannan a gindaya wa umarnin kashe maɓalli sharaɗin cewa kada ya yi aiki sai alamar tana kan a'a. In ba haka ba, duk wanda ya dawo baya don duba lamba ɗaya sai ya sake sauraron bayanin tun daga farko. Darasi mai shafi 30 na buƙatar alama 30, kowace da sunanta. Idan aka kwafi shafi ba a canza sunan alamar ba, shafi na biyu zai buɗe tun ba a saurare shi ba.

Ƙofofin baya

Rufe ƙofar gida ba ya hana a bi ta katanga. Sandar da ke nuna tafiyar murya a ƙasan shafi, idan aka bar ta ana ja, ɗalibi zai ja ta ƙarshe da yatsa ɗaya, kulle ya buɗe. Ana mayar da ita ta kallo kawai, ko a bari a ja ta bayan an gama ji na farko. Jerin shafuka da ke gefe shi ma hanya ce, haka share fuskar waya da yatsa, wanda ke da nasa wurin kashewa daban. Sai kuma muryar da aka ajiye a shimfiɗar sama, wato ƙarin fage da ake ɗorawa a kan shafi mai nasa layin lokaci, wadda ba ta fitowa sai an danna hoto: layin lokacin shafi na iya ƙarewa ita kuwa tana tsakiyar magana.

Inda yake lalacewa

Babbar illar ɗaura kulle a murya ita ce, idan muryar ba ta tashi ba, ba za ta ƙare ba, maɓallin kuma ba zai taɓa buɗewa ba. Tun 2018 Chrome, burauzar da ake buɗe shafukan intanet da ita, ya daina barin sauti ya fara da kansa kafin mutum ya taɓa shafin, Safari kuwa ya riga shi. Maganin shi ne a sa maɓallin "Fara" a shafin farko, taɓawar nan ita ce izinin da burauza ke nema.

Rashin ƙarfin intanet ya fi wannan ciwo. Muryar MP3 da aka matse a kilobit 128 cikin daƙiƙa tana cin kilobait 960, kusan megabait ɗaya, a minti guda. A kilobit 64 tana cin 480, kuma ga maganar mutum ɗaya kunne ba ya jin wani bambancin kirki. Ga malamin asibiti a Kusseri da ke bin horo da datar MTN ko Orange da ya saya da kuɗinsa, ko ma'aikaciya a ƙetaren kogi a Njamena mai layin Airtel ko Moov, wannan rabin ba ƙaramin abu ba ne. Kulle yana tilasta wa ɗalibi sauke kowace daƙiƙa, kuma idan sabis ya yanke a tsakiya, yana nan tsaye a shafin. Shi ya sa masu ƙwarewa ke yanka bayani gajere-gajere, su kuma ƙara umarnin ceto: idan lokacin muryar ya wuce da kamar rabin minti, maɓallin ya buɗe ko da ba ta ƙare ba.

Sai batun ɗaukewar wuta ko mutuwar batir. Darasi yana tuna inda ɗalibi ya tsaya ne ta wani ɗan wurin ajiya da SCORM, ƙa'idar da darasi ke bi wajen musayar bayani da dandalin da aka ɗora shi, ta tanada. A SCORM 1.2 wurin ba ya wuce harafi 4,096. Bugu na uku na SCORM 2004 ya faɗaɗa shi zuwa 64,000. Dogon darasi mai alamomi da yawa kan cika ƙaramin, sai ɗalibi ya dawo washegari ya tarar an mayar da shi baya, shafukan da ya saurara duk sun sake kullewa. Ana magance wannan da fitar da darasin a SCORM 2004 idan dandalin na karɓa, ko a raba shi kashi-kashi.

Muhawara a kansa

Abin da kulle ke tabbatarwa shi ne lokaci ya wuce, ba wai an saurara ba. Mutum na iya ajiye wayar a kan tabarma ya je ya ɗora shayi ya dawo ya danna. Mai saurin karatu kuma, idan rubutun da ke shafin shi ne daidai abin da murya ke faɗa, ya gama tun tana rabi. Binciken Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya ya nuna an fi fahimta idan aka yanka darasi gunduwa-gunduwa ɗalibi na tafiya da saurin kansa, kuma maimaita magana ɗaya a rubuce da baki lokaci guda na iya rage fahimta. Don haka wasu ke ɗaura buɗewar a kan amsa tambaya maimakon ƙarewar murya.

Kurame da masu raunin ji su ne kulle ya fi cutarwa, domin jiran abin da ba su ji suke yi. Dole a ba su rubutun bayanin ko fassarar ƙasan allo. Makafi masu amfani da manhajar karanta allo kuwa muryoyi biyu ke haɗe musu a kunne. Ƙa'idojin WCAG, na sauƙaƙa wa masu buƙata ta musamman amfani da intanet, sun ce duk sautin da ya fara da kansa ya wuce daƙiƙa 3, tilas a samar da hanyar dakatar da shi ko rage shi, saboda haka ko an kulle maɓallin gaba, ba a kulle na dakatarwa da na ƙarar murya.