Rage tsayin babur da sauya masa shokazoba

Rage tsayin babur shi ne sauko da sirdinsa kusa da ƙasa ta hanyar gajarta shokazoba da fok, wato sandunan da ke riƙe da tayar gaba, domin mahayin da bai cika tsawo ba ya iya kafa ƙafarsa idan ya tsaya. Wani lokaci kamfanin da ya ƙera babur ne yake yin aikin tun daga masana'anta, wani lokaci kuma mai babur ne yake kai wa bakanike bayan ya saya. Abin ya fi shafar manyan baburan tafiye-tafiye, irin waɗanda ake gani jefi-jefi a hanyar Jos zuwa Abuja, domin sirdinsu kan kai milimita 850 ko ya wuce. A gari mai hawa da gangara irin Jos kuwa, wanda ya tsaya a kan tudu da yatsun ƙafa kaɗai, ga nauyin da ya haura kilo 200 a ƙarƙashinsa, ya san darajar ɗan taƙin da ya rage masa ya taka ƙasa.

Yadda kamfani yake yi

Shokazoba abu biyu ne a haɗe: sifirin da ke ɗaukar nauyi, da bututu mai ɗauke da mai wanda ke hana sifirin ɗin ci gaba da tsalle. Idan kamfani zai sauko da babur, yakan sa wani ɗan zobe a cikin bututun ya hana sandar miƙewa har ƙarshe, sannan ya ɗora gajeren sifirin, galibi mai ɗan tauri. Haka ake yi wa fok na gaba, don gaba da baya su sauka tare. Ana kuma gajarta jak ɗin da ake kafe babur da shi. In ba haka ba babur zai tsaya cak, iska ma ta isa ta kayar da shi.

BMW ta sayar da R 1250 GS mai sirdi a milimita 850 zuwa 870, da kuma wanda aka sauko da shi zuwa 800 ko 820. Kawasaki ta fitar da KLR650 S a 2023 da wannan manufa. Dabarar Suzuki a DR650 ta fi burgewa: ƙasan shokazoban baya yana da huda biyu, sai a mayar da notin zuwa ɗaya hudar, a juya mazaunin sifirin, a sauya wa wani zobe wuri a cikin fok, babur ya sauka da milimita 40, jak kaɗai za a saya. Harley-Davidson kuma ta zo da Pan America a 2021, wanda ke durƙusawa da kansa idan an tsaya, ya miƙe idan an tashi.

Sai dai tsayin da aka rage daga tazarar motsin taya ake cire shi. Babur ɗin da aka sauko da shi yakan yi saurin dukan ƙarshen shokazoba a rami, cikinsa ya kusanci duwatsu, matakin ƙafa ya riƙa gogar kwalta a kwana. Wasu kamfanonin har nauyin da aka yarda a ɗora masa suke ragewa.

Shokazoban kasuwa

Kamfanoni irin su Öhlins na Suwidin, wanda aka kafa a 1976, da YSS na Tailan da Wilbers na Jamus suna ƙera shokazoban da ake ɗaurawa a madadin na asali, wasu da iskar nitirojin a ciki don kada man ya yi kumfa idan ya ɗau zafi. Abin da ake fara aunawa shi ne tsawo daga tsakiyar hudar sama zuwa tsakiyar ta ƙasa, sai faɗin bushin, wato robar da ke cikin hudar, sai ƙarfin sifirin. Mai babur ɗin da aka sauko da shi daga kamfani ya faɗa wa mai kaya haka, domin idan aka ba shi na cikakken tsawo, baya zai ɗaga ya bar gaba a ƙasa, kan babur ya yi rawa. Idan baya kaɗai aka sauke, akasin haka ne: kan ya yi nauyi a kwana, fitila ta riƙa haska sama.

A babur mai shokazoba ɗaya a tsakiya, ƙarafan haɗi ne ke tsakaninsa da tayar baya, saboda haka ragin milimita 10 a jikinsa kan zama ninki biyu ko uku a wajen taya. Nan ne masu ƙiyasi da ido suke shan mamaki.

Boxer da Jincheng da Haojue, baburan da ke sauko da buhunan dankalin turawa daga ƙauyukan Bokkos da Mangu, shokazoba biyu gare su, hagu da dama, kuma matsalarsu ba ta tsayi ba ce, ta lodi ce. Biyun tare ake sauyawa, ko da ɗaya ne ya fara yoyon mai. A ƙasan sifirin akwai zobe mai matakai da ake murɗawa idan kaya sun yi yawa, kuma dole matakin hagu ya zo daidai da na dama. Wannan murɗi yana ɗaga baya ne, ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi, ko da yake da yawa sun ɗauka haka ne. Yanke sifirin a wajen mai walda kuwa, araha ce mai ciwo: zafin wuta na kashe ƙarfen, kuma sandar ciki tana nan da tsawonta.

Bakanike mai lura, a Dilimi ko a Farin Gada da ke Jos, ba ya ƙarasa ɗaure noti sai ya sauke babur daga jak nauyinsa ya zauna, don kada robar bushin ta murɗe ta yage. Daga nan sai mai babur ya hau, a auna daga notin tayar baya zuwa wani wuri a ƙarƙashin sirdi, a kwatanta da awon da aka ɗauka lokacin da tayar ke ɗage daga ƙasa. Nutsewar da ake so kusan kashi ɗaya cikin uku ce ta dukkan motsin tayar. Sai a danna bayan da ƙarfi a ga ko taya na taɓa murfinta, a sake duba sakin cen, domin tsayi na sauyawa sakin ma ya sauya.