Ba Kowane Koɗaɗɗen Tedi Ba Ne Kayan Tarihi

An daɗe ana ɗauka cewa duk ɗan tsanan tedi (mai siffar dabbar beyar) da ya koɗe tsohon kaya ne mai tsada. Koɗewa ba shaida ba ce, domin wasu da ruwan shayi ake rina su.

Wajen 1902 aka fara ɗinka tedi a Jamus da Amurka. Na farkon da gashin akuyar Angora aka yi su, suna da dogayen hannuwa da ɗan tozo a baya. Don gane tsohon tedi, matsa cikinsa: idan ya yi ƙaras-ƙaras, siraran zaren katako ne a ciki, irin na da. Taɓa idon da leɓe. Idon gilashi, irin na da, sanyi gare shi, idon roba kuwa sai wajen shekarun 1950 ya yaɗu. Ƙyalle mai umarnin wanki da inji alamar na baya-bayan nan ce.

Don Allah a tura wa wasu.