Cutar da ba kasafai ake gani ba, ba ƙaramin nauyi ba ce

An daɗe ana cewa cututtukan da ba su yawaita ba ba su kai a ware musu kuɗi ba, tunda maleriya da sikila sun cika gadajen asibiti. Lissafin bai fita ba. Ire-irensu sun haura 6,000, masu fama da su a duniya kuwa kusan miliyan 300 ne.

Ɗauki himofiliya, ciwon rashin tsayawar jini, mai kama kusan namiji ɗaya cikin 5,000, galibi ta ɓangaren uwa. Sau da yawa a wajen kaciya ko cire belu take bayyana: wanzami ya gama, tsumma ya jiƙe, jini na ta tsiyaya. Sai a ce maita ce ko iska. Kafin a gane, an yi ƙarin jini leda bayan leda, gwiwa ta kumbura, an yi makonni a kwance. Nan kuɗin ke tafiya, domin sinadarin daskarar da jini da ke cikin leda ɗaya bai taka kara ya karya ba.

Abin da yaron ke buƙata shi ne sinadarin daskarar da jinin da ya rasa, galibi wanda ake kira Factor VIII. Mai kilo 20 za a ba shi yunit 500 ta jijiya kafin ya kai rabin adadin mai lafiya, kuma rabinsa na ƙarewa cikin awa 8 zuwa 12.

Idan kawun yaro na wajen uwa ya taɓa irin wannan zubar jini, a dakatar da kaciya, a je sashen cututtukan jini na asibitin Barau Dikko da ke Kaduna ko asibitin Shika da ke Zariya a yi gwajin saurin daskarewar jini, wato APTT. Kada a ba shi asfirin ko diclofenac, kada a yi masa allura a tsoka.