"Mai ɗorewa" a jikin gwangwanin tuna: wa zai ɗore?

Kwanakin nan da wuya ka kunna talabijin a Jidda ba ka ji "mustadam" ba, masu shirye-shiryen Hausa kuma su ce "mai ɗorewa". Kalmar ta kai har kan gwangwanin tuna da muke saya a baƙala, wato kanti, mu haɗa da burodi. Abin da ke ci min rai shi ne yadda ake bayaninta: wai kifin ba zai ƙare ba, shi ke nan. Ai ba tuna kaɗai ke cikin teku ba. Kamu mai ɗorewa shi ne wanda ya bar sauran halittun da ke rayuwa tare da kifin da ransu.

Dubi hoton dolfin, wata dabbar teku mai shayarwa, da ke jikin wasu gwangwanaye, tambarin da ke nufin ba a cutar da dolfin ba wajen kamun. A gabashin tekun Pasifik, garken tuna kan bi ƙarƙashin garken dolfin, sai jirage su kewaye su duka da taru. Daga ƙarshen shekarun 1950 dolfin fiye da miliyan 6 suka mutu a haka, har Amurka ta kafa dokar wannan tambari a 1990. Alheri ne, ba musu. Amma tambarin bai ce uffan kan kowa ba sai dolfin.

Yau dabarar da ta yaɗu, har a tekun Indiya, ita ce a saki wata 'yar rumfa tana yawo bisa ruwa, da igiya ko raga na reto a ƙasanta da na'urar da ke sanar da jirgi inda take. Duk masunci ya san kifi na son inuwa. Tuna ya taru, amma 'ya'yansa da ba su kai haihuwa ba su ma su taru, ga kifin ƙirshi (shark), ga kunkurun teku. Wani bincike na 2013 ya ƙiyasta cewa ƙirshi nau'i ɗaya kacal, tsakanin 480,000 da 960,000 ne ke maƙalewa a ragar nan kowace shekara a tekun Indiya a wancan lokacin, tun kafin a jefa taru. Rumfar da aka yasar kuma igiyar ruwa ta kai ta kan murjani a tsibiran Seshel ta kakkarya shi. Tunan da aka kama ta wannan hanya yana iya ɗaukar hoton dolfin, kuma a doka ba a yi ƙarya ba.

Mamarin manyan jirage, mai ƙugiya dubbai, shi kuma tsuntsayen teku yake nutsarwa idan sun kai wa koto sura.

Ni dai in zan saya, ina neman inda aka rubuta yadda aka kama shi. Kamun sanda da ƙugiya ɗaya, irin na masuntan tsibiran Maldibs, ya fi kwanta min, ko da riyal biyu zan ƙara.